Motarka na shan ruwa kullum? Ga yadda ake kula da lagireto kafin inji ya tafasa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota a ƙasar nan ya san jarkar nan ta cikin but. Wani lokacin ma tsohon galan ɗin baƙin mai ne aka wanke, kullum yana nan kusa da jak da safaya taya. Da safe a ɗaga bonet a ɗura, a je kasuwa a dawo a ƙara, kamar mai kiwon akuya. Ni ma na yi wannan rayuwar wajen shekara biyu da wata Corolla 2005 da na riƙe, har na ɗauka haka mota take. Toh ba haka take ba wallahi. Lafiyayyar mota ba ta shan ruwa, hanyar ruwan inji a rufe take ruf, za ka iya yin wata da watanni ba ka ƙara ko kofi ɗaya ba. In kana ƙarawa kullum to akwai inda yake bi, ko ƙasa yake zuba, ko tururi yake zama ya gudu ta murfi, ko kuma, Allah ya kiyaye, cikin injin yake shiga.

Ni ranar da na gane karatun, watan Afrilu ne da tsakar rana, na wuce Kwanar Ɗangora zan shiga Zariya, esi a kunne ina ta waya, ban ankara ba sai ƙamshin wani abu mai zaƙi-zaƙi na ji, ina duba dashbod allurar zafin inji ta riga ta kwanta a ja. Na ce bari in lallaɓa zuwa gaba inda akwai mutane. Wannan lallaɓawar ta minti biyar ita ta ci min tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok. Da aka bi diddigi kuwa, robar murfin lagireto ce ta mutu tun tuni, abin da kuɗinsa bai kai na mai lita biyu-uku ba.

Fara sanin hanyar da ruwan yake bi

Ba sai ka zama bakanike ba, amma in ba ka san hanyar ba duk abin da aka gaya maka a gareji sai ka ce toh. Ruwa yana zagaya cikin bulok da kan inji yana kwasar zafi, famfon ruwa, wanda bakanikai ke kira wata famfo, shi ke tura shi. Daga nan ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, ya ratsa ta ƴan siraran bututu, iskar da ke bugowa daga gaba ko wadda fanka ke jawowa ta sanyaya shi, ya koma inji ta tiyon ƙasa. A kan hanyar akwai tamosta, ɗan ƙaramin abu ne kamar maigadi, in inji da sanyi sai ya rufe ƙofa ruwan ya tsaya yana zagaye a cikin inji har ya ɗumama, in ya kai wajen digiri 82 zuwa 88, gwargwadon motar, sai ya buɗe. Lambar ma a rubuce take a jikinsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, inji ba sanyi yake so ba. Yana son zafi tsayayye, wajen digiri 85 zuwa 100 da ɗoriya, a nan yake ƙona mai yadda ya kamata. Kaga kenan yana aiki ne dab da inda ruwa ke tafasa, tunda ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, a wuri mai tudu irin Jos ma bai kaiwa haka, wajen 96 ya fara. Abin da ke hana shi tafasa a cikin mota abu biyu ne, matsin da murfi ke riƙewa da kuma kulant, wato ruwan nan mai launi da ake sayarwa musamman don lagireto. Riƙe wannan a ranka, duk sauran bayanin a kansa ya ginu.

Dubawar safe, minti uku kacal

Kafin ka tada mota, inji da sanyi, ƙasa a miƙe. Fara leƙa ƙarƙashinta. In ba ka tabbatar ba, shimfiɗa kwali da daddare ka duba da safe, ɗigon zai nuna maka saitin inda yake fitowa. Ruwa fari tas da ke ɗiga ta wajen ƙafar mai zaman banza bayan an yi amfani da esi ba matsala ba ne, gumin esi ne. Mai launi, kore ko ja ko ruwan hoda, ko mai tsatsa, shi ne naka.

Sai ka ɗaga bonet ka duba farar robar ajiyar ruwan nan ta gefe, akwai layi biyu a jikinta, LOW da FULL ko MIN da MAX, ruwa ya tsaya tsakaninsu. Kar ka cika ta har baki, ruwa in ya yi zafi kumbura yake yana buƙatar wurin zama. Amma fa kar robar ta ruɗe ka, tana iya kasancewa cike alhali lagireto ya yi ƙasa, in murfi ya lalace ko ɗan siririn tiyon da ya haɗa su ya tsage ba ya iya zuƙo ruwan ya mayar. Don haka ko sau ɗaya a sati buɗe murfin lagireton kansa ka gani, ya kamata ruwa ya zo har wuya. Masu Golf da Peugeot 406 da yawancin motocin Turai ku babu murfi a kan lagireto, murfin robar shi ne mai riƙe matsin, don haka shi ma ba a buɗe shi da zafi.

Dubi launin ruwan. In ya koma kamar kunun kanwa ko ruwan kududdufi, tsatsa ta ci gida. In ka ga maiƙo yana yawo a sama, ko wani abu kamar madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai da jikin sandar awon mai, wannan ba maganar ƙara ruwa ba ce, za mu zo kanta. Matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu, lafiyayye yana da ƙwari kuma yana dawowa. Wanda ya yi laushi tiɓis, ko ya kumbura kusa da kilif, ko ya bushe yana ƙas-ƙas in ka matsa, ranar mutuwarsa ta kusa kuma ba a ƙofar gida zai mutu ba. Farin gari ko kore-kore da ya bushe a bakin tiyo alamar yoyo ne da ke bushewa kafin ya kai ƙasa.

Murfi

Wannan ne aka fi rainawa. Ka duba samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wannan shi ne nauyin matsin da yake riƙewa. Da lafiyayyen murfi ruwan da zai tafasa a 100 sai ya kai kusan 120 bai tafasa ba, in da kulant a ciki ma ya wuce haka. In robar ta tsage ko sifirin ɗin ya saki, matsi ya tafi, ruwa ya fara tafasa a cikin kan inji tun allura ba ta je ko'ina ba, yana tura shi cikin roba yana amai a titi kai ba ka sani ba. Juya murfin ka duba robobin, ka danna sifirin da yatsa ka ji ko da ƙarfi, ka ɗan ja ƙaramin faifan tsakiya ka ga yana komawa. In kana shakka canja kawai, ka sayi mai lamba irin ta asalin motarka, kar wani ya ce maka mai lamba babba ya fi, tsohon lagireton roba da tsofaffin tiyo ba za su ɗauka ba. Masu ɗaure bakin lagireto da leda da kyauro kuwa, sai dai mu ce Allah ya kai ku gida lafiya.

Me za a zuba?

A nan ake rigima. Wani direban zai ce maka shekararsa ashirin yana zuba ruwan rijiya bai ga komai ba, kuma kulant na Turawa ne saboda ƙanƙara. Rabin maganarsa gaskiya ce, mu ba mu da matsalar daskarewa, kuma ruwa zalla ma ya fi kulant ɗaukar zafi. Amma je wajen mai shayi ka leƙa cikin tukunyarsa, wannan farin ɓawon da ya kama gindinta, shi ruwan bohal da na rijiya ke bari a cikin bututun lagireto, bututun da kaurinsu bai wuce tsinken tsintsiya biyu ba. Ga kuma tsatsa, ruwa zalla na cin bulok na ƙarfe, yana cin alminiyon, yana cinye fukafukan wata famfo har ka kwance shi ka tarar saura guntaye, yana juyawa amma ba ya tura komai. Kulant aikinsa a wajenmu hana tsatsa ne da ɗaga ma'aunin tafasa. Ba a rana ɗaya ruwan rijiya ke kashe mota ba, shi ya sa ba a kama shi da laifi.

In za ka saya karanta jikin galan. Akwai wanda an riga an sirka, za ka ga 50/50, shi zubawa kawai ake ba a ƙara masa ruwa. Akwai kuma tsantsa, shi ake rabawa rabi da rabi da ruwa. Kar ka zuba tsantsan shi kaɗai kana ganin ka yi wa mota gata, bai iya kwasar zafi sosai ba. Ruwan sirkin kuma tataccen ruwa ake so, irin wanda ake ƙara wa batir, amma dan Allah ka tabbatar, don in ka ce ruwan batir wani mai shagon asid zai miƙo maka. In bai samu ba, ruwan da esin gida ke ɗigarwa ko ruwan sama, a tace da ƙyalle mai tsafta, sun fi na rijiya nesa ba kusa ba. Fiya wata na ranar lalura ne a hanya.

Kasuwa cike take da ruwan kala da aka ɗura a galan ana kiransa kulant, araha kamar banza, toh araha ba ta ado. Na gaske in ka murza a yatsa yana da ɗan santsi. Kuma launi ba shi ne nau'i ba, kore biyu na iya zama daban, ja biyu haka. Toyota na da nasu ja na da, da kuma mai ruwan hoda wanda kamfanin ya ce zubin farko na kai kilomita 160,000 ko shekara 10, bayan nan duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Honda nasu shuɗi ne. Motocin Volkswagen za ka ga an rubuta G12 ko makamancin haka a jikin robar. Koren nan na gargajiya shekara biyu ne a zubar. Kar ka gauraya nau'i biyu, wani lokacin sai su kame su yi kauri kamar koko su toshe hanya. In ba ka san abin da ke ciki ba, misali motar Kwatano ka saya, wanke duka ka fara sabon lissafi.

Wankin ciki, mataki-mataki

Nemi safiyar Asabar, don aikin na cin lokaci saboda jiran inji ya huce. Tanadi baho, mazurari, filaya, sukudireba, tataccen ruwa kamar lita goma sha biyar zuwa ashirin, da kulant. Ƙananan motoci irin Corolla da Civic da Camry mai silinda huɗu suna ɗaukar tsakanin lita 5 zuwa 7, duba littafin motarka ko ka tambayi wanda ya sani.

Na farko, inji da sanyi, buɗe murfi, sa baho a ƙasa. A gindin lagireto akwai ɗan makunni na roba mai kunnuwa, da hannu ake kwance shi, kar ka sa filaya ka murɗe da ƙarfi don in ya karye ka jawo wa kanka aiki. In babu shi ko ya ƙi, sassauta kilif ka zare tiyon ƙasa. Bari ya tsiyaye. Ka sani abin da ya fito wajen rabi ne kawai, sauran na cikin bulok da hita.

Na biyu, mayar ka ɗaure, cika da tataccen ruwa, juya makunnin hita zuwa zafi ƙarshe don ruwan da ke cikinta ma ya zagayo, tada mota ka bar ta a silo har tiyon sama ya yi zafi, alamar tamosta ya buɗe kenan, ka ƙara mata kamar minti goma. Kashe, je ka karya kumallo, sai ta huce sosai ka dawo ka sake zubarwa. Haka za ka yi ta maimaitawa har abin da ke fita ya zama garau. Motar da ta daɗe a kan ruwan rijiya tana iya cin zagaye huɗu ko biyar. In dattin ya yi yawa akwai maganin wankin lagireto da ake sayarwa a ƙaramar kwalba, bi abin da aka rubuta a jiki kuma ka ɗauraye shi tas. Omo kuwa da wasu ke zubawa, ni ban yarda da shi ba, kumfa yake yi, ba ya fita duka, kuma ba ya narkar da ɓawon nan. A tsakanin jiran, cire farar robar ka wanke ta, ƴan tsakuwa da ruwa ka girgiza, laka za ta fito.

Na uku shi ne inda ake kuskure. Bayan zubarwar ƙarshe akwai ruwa zalla wajen rabi da ya rage a cikin inji, in ka zuba 50/50 a kai ya tsinke ya zama shayi ruwa-ruwa. Dabarar ita ce ka yi amfani da tsantsa, in motarka lita 6 take ci, zuba lita 3 na tsantsan tukuna, sannan ka cike da tataccen ruwa, su gauraya a ciki. In sirkakken kawai ka samu, sai bakanike ya kwance maka noti na zubar da ruwa da ke jikin bulok, yawancin injuna na da shi.

Na huɗu, fitar da iska, kuma dan Allah kar ka tsallake wannan. Iska in ta maƙale a kan inji wurin ba ya samun ruwa, sai ka ga mota da sabon kulant tana obahitin, wato zafi fiye da kima. Faka ta hancinta ya ɗan kalli sama, murfi a buɗe, mazurari a baki, hita a zafi, tada ta a silo. Riƙa matsa tiyon sama a hankali, za ka ga kumfa na fitowa ɓul-ɓul, da tamosta ya buɗe ruwan zai faɗa ƙasa lokaci ɗaya, sai ka ƙara. Jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, kumfa ta daina, sannan ka rufe, ka cika roba zuwa layi. Kula da hannunka da bakin rigarka, fankar lantarki ba ta sallama kafin ta tashi, a wasu motocin ko an kashe inji tana iya tashi. Masu 406, taku tana da ƴan sukurorin fitar da iska a jikin tiyon hita da gidan tamosta, sai an buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa, da yawa daga cikin sunan da aka ɓata wa motar nan na zafi daga nan ne. Kwana uku a jere ka riƙa dubawa da safe, zai ɗan ragu a farko, daga nan ya tsaya cak.

Tsohon kulant guba ne kuma zaƙi gare shi, yaro ko akuya ko kare in suka samu za su sha, yana lalata ƙoda. Kar a bar shi a baho a tsakar gida, kar a ɗura shi a robar lemo, kar a malalar a inda kaji ke kiwo.

Wani abu kuma, in tsohuwar mota ce wadda tsatsa ta riga ta ci, bayan wanki kana iya ganin yoyon da ba ka gani da. Sai a ce ai kulant ne ya huda lagireto. A'a, ramin na nan tuntuni laka ce ta liƙe shi. Yawanci ta ƴan murafan nan masu kama da kwabo da ke jikin bulok yake fitowa, ko ta wata famfo. Gara ya fito a gida.

Wajen lagireto ma na son wanka. Bayan hunturu ƙura ta cika tsakanin fukafukansa, ga ƙwari, ga leda da ke mannewa, ga kuma na esi da ke gabansa yana tare iska, tsakaninsu kan tara datti kamar katifa. Wanke da ruwan tiyo mai sauƙin ƙarfi, daga bayan lagireto zuwa gaba in da hali. A wajen wankin mota hana yaran nan manna masa bakin injin feshi kusa, yana kwantar da fukafukan iska ta daina ratsawa. Duba fambel ko ya tsattsage ko yana ƙara, duba ƙarƙashin wata famfo akwai ɗan rami, in yana hawaye ko ka ji yana gurnani ya gama yayi. A motocin da taimin bel ke juya famfon, irin Camry mai injin 2.2 da 406, canja su tare a huta, aikin kwancewar ɗaya ne.

Cire tamosta da haɗa fanka dairek

Mota na isowa daga Kwatano ko Legas, abu na farko da za a ce maka a gareji shi ne oga a cire tamosta a yi fanka dairek, wato ta riƙa gudu ba tsayawa, nan ba Turai ba ce. Ni an yi min, kuma na biya kuɗi aka yi min, gyaran gangar Auzinawa kenan. Motocin nan iri ɗaya suna yawo a Saudiyya da Dubai da tamostansu. In ka cire shi inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, na'urar da ke sarrafa mai tana ɗauka har yanzu safiya ce tana ta ƙara fetur, ga tsadar mai yanzu, fulogi na yin baƙi, baƙin mai na saurin lalacewa. Wani abin ma, a injuna da yawa tamosta in ya buɗe hanyar lagireto shi ne kuma ke toshe wata gajeriyar hanya ta cikin inji, in babu shi wani ruwan sai ya riƙa zagayawa ta nan bai je lagireto ba, an gudu ba a tsira ba.

In ana zarginsa gwada shi ba wuya, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ya buɗe baki sosai, in ya huce ya rufe. In ya ƙi, sayi sabo mai lamba ɗaya, a ɗaura shi ɗan ƙaramin ramin iskar da ke gefensa yana sama. Fanka dairek kuma ɓoye cuta ce, abin da ya lalace ko fis ne, ko rile, ko sensa, mai waya ya nemo shi. Fankar da ke gudu tun daga tada mota har kashewa motarta na saurin ƙonewa, kuma ranar da za ta mutu ba za ka sani ba sai a tsakiyar cunkoso.

Yanayin da zafin ke zuwa ma na faɗa maka inda za ka duba. In a go-silo allura ke hawa amma da ka samu titi ta sauko, fanka ce. In cikin gari lafiya lau amma a doguwar hanya ko hawa da kaya take hawa, lagireto ya toshe, ko tamosta ba ya buɗewa duka, ko famfo ya cinye. In sai ka kunna esi, duba fanka ta biyu da dattin da ke gaba.

In ta hau a hanya

Kashe esi nan take, kunna hita da fankarta zuwa ƙarshe ka sauke gilas, za ka sha zufa amma tana janye zafi daga inji, in ba a riga an yanke maka hitar ba kenan. Sauka gefe. In ba tururi kuma ba ruwa na zuba, bar ta a silo minti ɗaya-biyu ka ga ko allura za ta sauko. In akwai tururi, ko ruwa na malala, ko allura na ja, kashe kawai. In kuma hita ta fara busa sanyi alhali allura na sama, ruwa ya ƙare, kar ka ƙara ko taku ɗaya.

Kar ka taɓa murfin. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, kana sassautawa zai yi tsiri ya wanke maka fuska da hannu, mutane da yawa na yawo da tabon wannan. Jira aƙalla rabin awa, sai tiyon sama ya saki ka iya riƙe shi, sannan ka ɗora tsumma mai kauri ka juya kaɗan iska ta fita tukuna. Masu taimako za su taru, wani zai zo da bokiti zai sheƙa wa injin ruwan sanyi, hana shi da girma da arziki, kan injin alminiyon na iya lanƙwasa ko ya tsage. In za ka ƙara ruwa, a hankali, inji na silo. Ƙwai da barkono da garin taba da ake zubawa don toshe yoyo, in ka yi don ka fita daga daji ba wanda zai ga laifinka, amma suna toshe har inda ba a aike su ba, kana isa gari a wanke.

Bayan obahitin ka sa ido kan gasket. Alamunsa, kumfa da ba ta ƙarewa a bakin lagireto, tiyon sama ya yi tauri kamar dutse minti kaɗan da tada mota, farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi da ba ya ɗaukewa, inji na rawa da safe, ruwa na raguwa ba ɗigo a ƙasa, ko madarar nan a baƙin mai. In za a yi aikin, a kai kan injin a auna ko ya lanƙwasa a goge shi, a ɗaure notuna da sifanar awo bisa tsari ba da ƙarfin damtse ba, kuma a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba wata biyu ka dawo.

In lagireton ne ya gaji, robar samansa ta koma ruwan ƙasa-ƙasa tana tsagewa a wuya, gam ɗin fo-minit ba zai riƙe maka ba, zafi da matsi za su ɗaga shi. Masu buɗe shi su zura ƙarfe su share bututu suna taimakawa sau ɗaya, amma haƙoran da ke riƙe robar ba sa jure buɗewa da rufewa. In ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wani, tafi da tsohon a gwada, na Baljiyam, wato na hannu, a toshe bakunansa a nutsa a ruwa a hura iska ka gani da idonka. Dabul sel, wato lagireto mai layin bututu biyu, ba laifi in ya zauna daidai kuma gidan fanka ya rufe shi, amma ba ya gyara mataccen famfo. Masu otomatik ku lura da ƴan ƙananan tiyo biyu a ƙasan lagireto, man giya ne ke bi ta nan ya huce, a ɗaure su da kyau a duba man giya bayan an gama, in kuma ka taɓa ganin man giyar ya koma kamar madara mai ruwan hoda to lagireton ya fashe ta ciki, ajiye motar a nan ka kira a ja ta.